Zauren Likitocin Ƙashi: Amsoshinku kan Karaya, Ƙarfe a Jiki da Canjin Gaɓa

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan wata kan ciwon ƙashi ne, don haka muka miƙa su ga likitocin tiyatar ƙashi da ke amsa tambayoyi a wannan shafi. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su. Abin da za ku karanta ba zai maye gurbin zuwa asibiti da ɗaukar hoto ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 8 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye dab da gwiwar hannu. Muka kai shi wurin mai ɗori, ya ɗaure da kara da tsumma. A daren bai runtsa ba don kuka, aka ce mana haka ɗori yake. Yau wata uku, ƙashi ya kama, amma yatsunsa sun dunƙule, ba ya iya buɗe tafin hannun. Me ya faru, kuma akwai gyara? Daga wani mahaifi a Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Kukan daren farkon nan shi ne ya bayyana abin da ya faru. Tsokokin sangalin hannu suna cikin wani mayafi mai tauri wanda ba ya miƙewa. Bayan karaya wurin yakan yi ta kumbura har kwana biyu zuwa uku, kuma idan an ɗaure tamau, kumburin ba shi da wajen zuwa, sai matsin ya koma ciki ya toshe ƙananan hanyoyin jini. Tsoka tana jure rashin jini na kusan awa 6, daga nan ta fara mutuwa. Wadda ta mutu tabo take zama, tabo kuwa tsukewa yake yi, shi ne ya janyo yatsun. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan larura tun 1881, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Karayar wannan wuri ta fi sauran haɗari domin babbar jijiyar jinin hannu ta gaban ƙashin take bi, bakin ƙashin da ya karye yana iya danne ta.

Muna roƙon duk mai karatu ya riƙe alamomin nan, ko ɗaurin gargajiya ne ko simintin asibiti. Ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma ba ya jin magani. Idan ka miƙar da yatsa ɗaya a hankali yaro ya ƙwalla ƙara. Yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun sake launi, ko ya ce ba ya jin su. Da ganin haka a kwance ɗaurin gaba ɗaya har a ga fata, a tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba. Kada a ce ai jijiyar wuyan hannu tana bugawa: ita ce ta ƙarshe da ke ɗaukewa, lokacin ɓarna ta riga ta auku. Idan kwance ɗauri bai sauke matsin ba, likita zai tsaga mayafin tsokar ya bar shi a buɗe na 'yan kwanaki. Wannan aikin shi ke ceton hannu.

Yadda ake gyara irin wannan karaya a yau ba wani dogon aiki ba ne. A yi wa yaro allurar barci, a mayar da ƙashi mazauninsa ana kallonsa a na'urar hoto da ke ɗakin tiyata, a soka siraran wayoyin ƙarfe biyu ko uku ta fata, kaurin kowace bai wuce milimita 2 ba, a sa rabin siminti wanda zai bar wa kumburi fili. Bayan mako 3 zuwa 4 a zare wayoyin a ɗakin ganin likita.

Game da ɗanka, akwai abin yi, amma ya danganta da yawan tsokar da ta mutu. Idan kaɗan ce, gashi da takalmin hannu mai miƙar da yatsu suna taimakawa. Idan ta fi haka, ana saki tushen tsokokin daga ƙashi a zamo da su ƙasa, a 'yantar da jijiyoyin ji da tabo ya shaƙe, a karkato agarar tsokar da ke da rai ta yi aikin wadda ta mutu. A mafi tsanani ana ɗauko tsoka daga cikin cinya da jijiyoyinta a ɗinke su a hannu da madubin ƙara girma. Ba za mu ɓoye maka ba, hannun da wuya ya koma yadda yake, amma ya riƙe alƙalami da cokali abu ne mai yiwuwa. Ka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa cikin wannan wata, domin jijiyar ji ba ta son jira.

Ba mu ce duk wanda ya je wurin mai ɗori ya nakasa ba. Ƙashi da kansa yake haɗewa, shi ya sa karaya mai sauƙi take warkewa a hannunsu. Matsalar ita ce ba hoto, ba yadda za a bambanta mai sauƙi da mai haɗari. Karayar da ta zo da rauni a fata, wadda ta shiga gaɓa, ta gwiwar hannun yaro, ta cinya, ƙugu da gadon baya, duk na asibiti ne tun daga ranar farko.

Tambaya: Ni ɗan acaɓa ne, mota ta buge ni na karye a cinya. Likitoci sun ce za su sa mini ƙarfe. 'Yan'uwa suna cewa ƙarfe yana tsatsa a jiki, yana sa ciwo da hunturu, kuma dole a sake yanka ni a cire. In yarda? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ka yarda, ɗan'uwa. Kafin zuwan wannan aiki, mai karayar cinya kwanciya yake yi wata biyu zuwa uku an rataya wa ƙafarsa nauyi, ya tashi gwiwa ta sandare, ƙafa sau da yawa ta gajarce ko ta karkace. A 1939 Gerhard Küntscher ya fara zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo a birnin Kiel na Jamus, daga baya aka ƙara kusoshi a sama da ƙasa masu hana ƙashin juyawa da gajarcewa. Sandar da za a sa maka kaurinta milimita 9 zuwa 12 ne, ta wata 'yar ƙaramar kafa a ƙugu ko gwiwa ake shigar da ita. Wani ci gaban da ya amfani asibitocinmu shi ne sandar SIGN, wadda likitan Amurka Lewis Zirkle ya kafa ƙungiyarta a 1999: tana da ma'aunin da ke nuna inda ramin kusa yake daga waje, don haka ana iya sa ta ko babu na'urar hoto a ɗakin tiyata.

Tsatsa babu ita. Ƙarfen nau'i biyu ne, baƙin ƙarfe na musamman da ba ya tsatsa, da titaniyom, kuma mutane suna rayuwa da su shekaru masu yawa. Maganar sanyi tana da ɗan tushe ga wanda farantin ƙarfensa ke dab da fata, kamar a idon sawu. Wasu sukan ji tsami da hunturu, amma ba illa ba ce. Sandar cinya tana can cikin ƙashi, tsoka ta lulluɓe ta. Cirewa ba dole ba ce. Ana cirewa idan kan kusa yana sukar mutum, ko ƙwayar cuta ta kama, ko a yaro mai girma, kuma ba kafin shekara ɗaya da rabi ba, sai hoto ya tabbatar ƙashi ya haɗe sarai.

Abin da ya kamata ka ji tsoro daban ne. Ƙarfe riƙon ƙwarya yake yi kafin ƙashi ya haɗe, abin da kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Idan ƙashi ya ƙi haɗewa, kowane taku yana ɗan lanƙwasa sandar, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke, wata rana sai ta karye. Abubuwan da ke jinkirta haɗewa su ne taba sigari, ciwon sukari da ba a kula da shi ba, ƙwayar cuta, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Taba ita ce a hannunka, ka ajiye ta. Ka tambayi likitanka ranar da za ka fara taka ƙafar da yawan nauyin da za ka ɗora, domin karaya mai tsaga ɗaya ba ɗaya take da wadda ta farfashe ba. Ka fara lanƙwasa gwiwa tun kwanakin farko. Idan tsokar bayan ƙaurinka ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi maka wuya farat ɗaya, ka koma asibiti nan take, alamar daskarewar jini ce.

Tambaya: Shekarata 24, ina da sikila. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwo a matsematsin dama, yanzu ɗingishi nake yi, ko zaman tahiya ba na iyawa. An ce kan ƙashin ƙuguna ya mutu, sai an canza. Ban yi ƙanƙanta da wannan aiki ba? Zan iya haihuwa bayansa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Sannu, 'yar'uwa. Kan ƙashin cinya, wato dunƙulen da ke juyawa cikin kwarmin ƙugu, 'yan siraran hanyoyin jini ne ke ciyar da shi, kuma ba shi da wata hanyar ta ko-ta-kwana. Ƙwayoyin jinin sikila suna toshe su, sai wani yanki na ƙashin ya mutu. Da farko siffarsa ba ta canzawa, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna komai, sai hoton MRI, wato na na'urar maganaɗisu mai nuna cikin ƙashi da nama. A wannan mataki ana iya huda ƙashin da ƙaramin rami ko ramuka don sauke matsi da buɗe wa sabon jini hanya, wani lokaci a zuba ɓargon da aka zuƙo daga ƙashin ƙugun mutum. Amma da zarar dunƙulen ya lotsa, ba abin da zai mayar da shi. Daga bayaninki da alama an kai nan. Ki nemi a duba ƙugun hagu da MRI ko ba ya ciwo, domin a masu sikila larurar takan kama duka biyun, kuma wataƙila shi ana iya cetonsa.

A nan za mu ɗan ratse: ba sikila kaɗai ke kashe kan ƙashi ba. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da haɗe-haɗen maganin sanyin ƙashi da ake sayarwa ba takardar likita, da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, kuma yana cikin manyan masu jawo wannan cuta. Giya mai yawa ma haka.

Aikin canjin ƙugu kamar yadda aka san shi yau ya samo asali ne daga John Charnley a asibitin Wrightington na Ingila. Robar da ya fara gwadawa ta cinye cikin 'yan shekaru, sai a 1962 ya koma wata roba mai tauri, aikin ya zauna. Sassa huɗu ne: ƙoƙon ƙarfe da ake kafawa a kwarmin ƙugu, shimfiɗar roba ko tangaran a cikinsa, ƙwallo na ƙarfe ko tangaran, da ƙotar da ake zurawa cikin ƙashin cinya. A tsofaffi akan manne ƙotar da simintin ƙashi. A matasa irinki an fi son mai kaushin jiki wadda ƙashi ke tsirowa ya kama ta da kansa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 na ƙugun da aka canza suna aiki bayan shekara 15, kashi 58 kuma bayan shekara 25. Robar da aka inganta daga ƙarshen shekarun 1990 ta fi ta da jure gogayya nesa ba kusa ba. Duk da haka, mai shekara 24 ta sa a ranta cewa wata rana za a sake aikin. A ganinmu wannan ba dalilin ƙin yi ba ne. Shekarun karatu, aure da aiki su ne yanzu, kuma jinkiri yana cinye kwarmin ƙugun da tsokar da ke kewaye, ya sa aikin ya ƙara wuya.

Abin da ya bambanta ki da sauran masu wannan aiki shi ne shiri. A yi shi inda akwai likitan jini da bankin jini mai aminci. Akan ƙara jini kafin aiki har ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya kai wajen 10, a ba da ruwa isasshe, iskar oksijin da ɗumi, domin sanyi, ƙishirwa da ƙarancin iska su ne ke tayar da ciwon sikila. Kwana uku na farko a sa ido kan ƙirji: zazzaɓi, tari ko haki ba abin jira ba ne. Ramin ɓargon mai sikila yakan tsuke ya yi tauri, wani wurin kuma ya yi laushi, don haka ƙashi yana iya tsagewa wajen shigar da ƙota; ki tambayi likitan ko ya saba yi wa masu sikila. Haɗarin ƙwayar cuta ma ya fi yawa, saboda haka gyambon ƙafa, ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon fitsari a magance su tukuna.

Bayan aiki za a tsayar da ke a rana ta farko ko ta biyu. Mako 6 zuwa wata 3 na farko, gwargwadon ta inda aka shiga, kada gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo in kina zaune, kada ki harɗe ƙafafu, ban da kujerar tsuguno, tabarma da masan tsuguno. A sama miki kujerar bayan gida mai tsayi. Salla a kan kujera har likita ya sake ki. Abin da ake gudu shi ne ƙwallon ya fice daga ƙoƙo kafin nama ya warke. Haihuwa kuwa, canjin ƙugu ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya kuma tilasta fiɗa. Ki dai bari ki warke sosai, kamar shekara guda, sannan likitan mata ya san da aikin.

Tambaya: Gwiwoyina sun cinye, shekarata 62. Allurar da ake mini a gwiwa ta daina aiki. Na ji ana wanke gwiwa da na'ura, wasu kuma sun ce a Indiya mutum-mutumi ke aikin. Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, allurar sitiroyid sauƙin makonni take bayarwa, da wuya ta wuce wata uku. Kada ta wuce sau 3 zuwa 4 a shekara, tana tayar da sukari na 'yan kwanaki, kuma ba a yin ta cikin wata uku kafin canjin gwiwa saboda ƙwayar cuta. Wankin gwiwa da na'urar leƙe kada ki kashe kuɗinki a kai: tun 2002 aka gwada shi da aikin bogi a Amurka, ba a ga bambanci ba ga gwiwar da guringuntsinta ya cinye. Na'urar tana da amfani ga matashin da agarar cikin gwiwarsa ta tsinke a ƙwallo, ba ga irin taki ba. Allurar ruwan jinin mutum da ta ƙwayoyin halitta da ake tallatawa da tsada, har yanzu ba wadda aka tabbatar tana mayar da guringuntsi.

Abin da ke aiki ba shi da armashin ji. Kowane kilo ɗaya da kika rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Ki kwanta rigingine, ki miƙe ƙafa, ki ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ki ƙirga goma, ki sauke. Sau goma, safe, rana da dare. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren gwiwar da ta fi ciwo. Maganin shafawa na diklofenak ya fi na haɗiya aminci a shekarunki, domin na haɗiya kullum yana jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya hau da jini.

Idan ciwo yana tashinki daga barci, ko zuwa ƙofar gida ya gagara, lokacin canji ya yi. Ana shafce saman ƙasusuwan 'yan milimita, a rufe da ƙarfe, a sa roba tsakani. Wani nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 kan gwiwa ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 suna kai shekara 25. Ki sani tun yanzu cewa yawancin gwiwoyin da aka canza suna lanƙwasawa digiri 110 zuwa 120, zaman tahiya a ƙasa kuwa yana buƙatar wajen 150, don haka mai yiwuwa ki ci gaba da salla a kujera. Mutum-mutumin ba shi ke aikin ba, likita ne ke riƙe da shi. Yana ƙara daidaiton yanka, amma ba a kai ga tabbatar da cewa gwiwar ta fi daɗewa ba. Ana wannan aiki a Najeriya, kuma wanda aka yi wa kusa da gida ya fi samun mai duba shi idan rauni ya yi ruwa a mako na uku.

Tambaya: Na haihu mako biyu da suka wuce, ƙafafun jaririn duka sun lanƙwashe ciki, tafin yana kallon juna. Surukata ta ce a bari ya yi ƙwari tukuna. Daga wata mai jego a Azare.

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Ki gaya wa Inna cikin ladabi cewa taushin nan nasa shi ne maganin. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa haka, ba laifin uwa ba ne, ba kuma wani abu da kika ci ko kika tsallaka ba. A da yanka ake yi mai girma, ƙafa ta tashi a sandare tana ciwo a girma. Hanyar da Ignacio Ponseti ya tsara a Jami'ar Iowa ta Amurka, wadda duniya ta rungume ta daga shekarun 1990, tana gyara sama da kashi 90 cikin 100 ba tare da wannan yanka ba.

Kowane mako ma'aikaci zai murza ƙafar a hankali ya sa siminti daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe don kada ya zame. Yawanci sau 5 zuwa 7. Ana bin tsari: a fara ɗaga gaban ƙafar, sannan a riƙa juya ta waje kaɗan-kaɗan, saukar da diddige shi ne na ƙarshe. Wanda ya yi gaggawar danna ƙafar sama tun farko zai karya ta a tsakiya, tafin ya yi tudu. Mafi yawan yara, kamar 8 ko 9 cikin 10, sai an ɗan tsinke agarar diddige da bakin wuƙa bayan an kashe zafin wurin, aikin 'yan mintuna, a sa simintin ƙarshe na mako 3, agarar ta haɗe da tsawonta. Kullum ki duba yatsun: su kasance a waje, da ɗumi, in kin danna farce jini ya dawo nan da nan. Idan sun shige ciki, siminti ya zame, a koma a ranar. Kada ruwan wanka ko fitsari ya jiƙa shi.

Inda ake faɗuwa shi ne bayan nan. Za a ba ki takalma biyu haɗe da sanda, suna kallon waje. Awa 23 a rana har wata 3, sannan da dare da barcin rana har shekara 4 zuwa 5. Yaro zai yi kuka kwana biyu ko uku na farko, kakanni su ce a cire. Kusan duk ƙafar da ta koma gidan jiya, cire takalmin nan ne sanadi. Akwai samfurin Steenbeek da aka ƙirƙira a Yuganda, masu sana'ar takalmi na asibiti suna ɗinka shi da araha, kuma a canza shi duk lokacin da ƙafa ta girma.

Tambaya: Shekara uku da suka wuce na karye a ƙauri, ƙashi ya fito waje. Har yau akwai rami yana zubar da mugunya, ya rufe ya buɗe. Na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba adadi. Ƙafar kuma ta gajarce. An ce sai yankewa. Daga wani manomi a Birnin Kudu.

Amsa: Malam, kada ka yarda da yankewa kafin likitan da ke aikin gyaran gaɓoɓi ya gan ka. Dalilin da magani ya ƙi ci shi ne akwai guntun mataccen ƙashi a ciki. Jini ba ya zuwa wurinsa, magani kuwa a jini yake tafiya. Ƙwayoyin cutar suna manne a jikinsa cikin wata yauƙi da ke kāre su. Magani ya kashe na kewaye, rami ya rufe, ka daina sha, su sake fitowa. Ko buhu za ka sha, sai an cire guntun nan.

Ga yadda aikin yake. A dakatar da magani kamar mako biyu idan jikinka ya ba da dama, don gwaji ya faɗi gaskiya. A tiyata a kankare duk mataccen ƙashi har a ga jini yana tsattsafowa daga wanda ya rage, a cire tsohon ƙarfe in akwai, a ɗauki samfuri daga can ciki, ba daga bakin ramin ba, domin na baki ƙwayoyin fata ne. A cike gurbin da simintin ƙashi da aka kwaɓa da magani, a rufe da nama mai rai, in fata ba ta isa ba a juyo tsokar bayan ƙauri. Sai magani na kusan mako 6 bisa sakamakon gwaji. Wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2019 ya nuna na haɗiya da aka zaɓa da kyau yana yin abin da na jijiya ke yi, wanda ya rage wa mutane zaman asibiti.

Saura gurbin. Hanya ɗaya ta likitan Faransa Alain Masquelet ce: bayan mako 6 zuwa 8 jiki yakan saƙa wata fata mai yalwar jini kewaye da simintin, sai a tsaga ta, a cire siminti, a cika da ɓarɓashin ƙashi daga ƙugunka, a ɗinke. Ta biyu ta Gavriil Ilizarov ce, wanda ya ƙirƙiro ta a garin Kurgan na Rasha a shekarun 1950, kuma ita ce ke maganin gurbi da gajarta a lokaci guda. Zobban ƙarfe ne ke kewaye ƙafa, an ɗaure su da ƙashi da siraran wayoyi. A yanke ƙashi a wuri mai lafiya, a jira kwana 5 zuwa 7, sannan kai da kanka ka riƙa juya noti rubu'in milimita sau huɗu a rana, milimita 1 ke nan. Sabon ƙashi yana tsirowa a tazarar da ke buɗewa. In ka yi sauri ƙashi ba zai tsiro ba, jijiyoyi su ja. In ka yi jinkiri ya haɗe kafin a kai. Gurbin santimita 5 kwana 50 ne na juyawa, amma ƙarfen zai zauna wata 6 zuwa 9 kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari. Bakin wayoyin yakan yi ja ya yi ruwa, a riƙa goge shi yadda aka koya maka, kuma gashi kullum, in ba haka ba idon sawu ya sandare yana kallon ƙasa. Aiki ne mai cin haƙuri da kuɗi, ka shiga da saninka. Idan bayan warkewa gajartar ba ta kai santimita 2 ba, ƙarin dunduniyar takalmi ya wadatar.

Yankewa tana zama daidai idan tafin ƙafa ya mutu ba ya ji, jini ba ya isa, ko bakin ramin ya fara tsiro yana wari daban, domin ramin da ya shekara da shekaru yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. A ɗauki naman bakin a gwada.

Ga sauran masu karatu: ranar da ƙashi ya huda fata, a rufe da tsumma mai tsabta, kada a zuba gari, toka, baƙin mai ko ganye, kada a tura ƙashin ciki. Allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya in da hali, rigakafin tetanus, da wanki a ɗakin tiyata, su ne ke hana shekara ukun da wannan bawan Allah ya yi.

Tambaya: 'Yata mai shekara 3 ƙafafunta sun yi baka, kuma kullum ƙaruwa suke. Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Bakan ƙafa kafin shekara 2 yawanci na girma ne, yana miƙewa da kansa, sannan ɗan gwame ya biyo baya wajen shekara 3 zuwa 4, ya daidaita kusan shekara 7. Amma baka a shekara 3 mai ƙaruwa, ko a ƙafa ɗaya, yana buƙatar hoto da gwajin jini. Ki taɓa wuyan hannunta ki ji ko ya yi kauri, ki duba haƙarƙarinta ko akwai ƙulli-ƙulli a jere: alamun taushin ƙashi ne. A garinku aka yi binciken da aka buga a 1999 wanda ya nuna cewa a yaran Najeriya, masu samun rana isasshiya, ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadi, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su. Likita zai rubuta mata kalsiyam, akasari miligiram 500 zuwa 1,000 a rana, tare da bitamin D, na kusan wata 6. A gida a ƙara nono, kindirmo, ƙananan kifi da ƙayarsu a daka, riɗi, zogale da miyar kuka. Ƙafafu da yawa suna miƙewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan ƙashi ya yi ƙwari.

Idan gwaji ya nuna ba taushin ƙashi ba ne, wataƙila cutar Blount ce, inda gefen ciki na mahaɗar girma a saman ƙauri, wato wurin da ƙashin yaro ke ƙara tsawo, ke ci baya, an fi ganinta a yara masu ƙiba da suka yi saurin tafiya. Ga wadda ta ƙi miƙewa, ba sai an karya ƙashi kamar da ba: ana ɗaura ɗan faranti mai kusa biyu a gefen waje na mahaɗar girma, ya riƙe wannan gefe, ɗayan ya ci gaba da girma, ƙafa ta miƙe kusan digiri ɗaya a wata. A riƙa kai ta hoto duk wata 3, domin in ƙafa ta miƙe ba a cire farantin ba, za ta zarce ta koma gwame.